A bar mana sunan Abarshi

Sunan babana Abarshi, na san wasu za su ce ɗa ba ya kama sunan ubansa haka gatsau, ku yi mani haƙuri, maganar ce ta kawo. Wata huɗu ke nan da na sa ma ɗana wannan suna kuma har yau zancen bai kwanta ba cikin dangi, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da ke raina gaba ɗaya ko na huta da maimaita bayani a kowace fada da kowane gidan biki. Ni mutumin Tawa ne, can unguwar Bilbis anka binne cibiyata, aiki ne ya aje ni Yamai, kuma duk wanda ya san Adar da Arewa da Gobir ya san wannan suna ba baƙo ba ne gare mu. To amma ku tsaya ku yi lissafi da kanku, yaushe rabonku da ku ji an ƙwala ma yaro ƙarami kira a bakin titi an ce Abarshi zo nan? Ni na yi wannan lissafin tun matata na da ciki, duk Abarshin da na sani ko dai tsoho ne mai furfura ko kuma ya riga mu gidan gaskiya. Sunan ya koma layi na biyu a takarda, ya zama sunan uba ko na kaka, da rubutun nasara Abarchi. Ko jami'ar Abdou Moumouni da ta taɓa samun shugaba Farfesa Habibou Abarchi, ku duba, a baya sunan yake. Kuma kun san yadda takardunmu suke a Nijar, sunanka sai na ubanka, in an yi yawa a ƙara na kaka, daga nan in an haifi jika sai na can ƙarshe ya faɗi a maye shi da wani. Ke nan ba sai an hana sunan ba, shiru kawai za a yi mashi ya ɓace.

Ma'anarsa ba ta buƙatar malami ko ƙamus, Hausa ce tsagwaronta, a bar shi. In mace ce Abarta, akwai kuma Barmani, wato bar mani ita. Ana sa ma ɗan da anka haifa bayan uwa ta yi ta haihuwa ɗiyan na mutuwa, abin da muke cewa wabi, irin yadda ɗiyan itace ke zubowa ƙasa tun ba su nuna ba. Ba liman ke raɗa shi ba ranar suna, shi liman nashi sunan yanka ne, wanda ake yanka rago da shi. Wannan daga cikin gida yake fitowa, daga bakin kaka ko goggo ko ungozoma, kuma sau da yawa shi ke bin mutum har kabari a manta da na yankan.

Kakata ta binne huɗu kafin ta samu babana. Ban ji wannan labari ba sai da na kai wajen shekara goma sha biyar, ranar na dawo daga lekol rai ɓace saboda tsokanar da ake mani da sunan, na tarar da ita zaune kan tabarma gindin bedi tana tsinkar zogale cikin faifai, na ce mata Kaka wai don mi kunka rasa sunan da za ku sa ma Baba sai wanga. Ba ta ɗago kai ba. Ta ci gaba da tsinka tana zubawa, can sai ta aje reshen ta buɗe hannunta na hagu ta fara lanƙwasa yatsu ɗaya-ɗaya. Ta fari ba ta faɗi sunanta ba don ko a kabari ɗiyar fari ba a kama sunanta, ta ce dai kwananta tara, cibiya ba ta ko warke ba. Na biyu ya fara rarrafe agana ta shigo gari ta ɗauke shi tare da ɗiyan maƙwabta. Na ukku masassarar damina, dare biyu kawai. Ta huɗu har ta iya cewa inna, har tana bin ta rijiya tana riƙe mata zane, ƙyanda ta tafi da ita. Yatsu huɗu a lanƙwashe, saura babban yatsa a tsaye, ta kama shi da ɗaya hannun ta ce "wanga shi ne ubanka." Ta ce ranar da anka haife shi ita ko kallonshi ba ta so ta yi don tsoron kar ta saba da shi, uwar mijinta ce ta karɓe shi daga hannun ungozoma ta ɗaga shi sama ta ce "ya Allah mun ba ka huɗu, wanga dai a bar muna shi." Da kwana bakwai sunka cika liman ya raɗa mashi Mahamadu, amma ko sau ɗaya ba a kira shi da shi ba cikin gida, har lokacin da anka zo yi mashi takarda, irin wadda ake rubuta an haife shi wajejen shekara kaza, Abarchi anka rubuta. Ta gama ta ɗauki reshenta ta ci gaba da tsinkar zogale, ba hawaye ba komi, ni ne na kasa cin tuwo daren.

To wannan sunan ne da na ce zan sa ma ɗana wani ƙanena da ya yi karatun addini, kuma ina girmama karatunshi wallahi, ya ce mani yaya wannan ai camfi ne, sunan azna ne. Ba zan yi ƙarya in ce maganarshi ba ta da tushe ba. Adar ƙasar azna ce tun asali, kowa ya sani, kuma mutanen da sun yi imani cewa ɗan wabi yaro ɗaya ne ke zuwa yana komawa, ko kuma iskoki ne ke ɗauke ɗiyan, har akan yi ma gawar jinjiri shaida a jiki wai don in ya dawo a gane shi. Daga wannan imani ne wasu sunaye sunka fito, irin su Ajuji da Ajefas da Ayashe, a ɗauki jinjiri a kai shi kan juji a aje kamar ba a so, wata tsohuwa ta je ta tsinto shi, wai don a ruɗi abin da ke ɗaukar ɗiya ya ga ai wannan ba shi da daraja a gidan ya ƙyale shi. Wani kuma a yi kamar an saida shi a kira shi Bawa. Wannan dabara ce ta yaudara, kuma in mutum ya ce shi ba ya son ya kira ɗanshi abin yasarwa na fahimce shi, ni ma ba zan sa ba, ko da yake ba zan zagi matar da ta sa ba don ban binne huɗu ba. Kuma ko shi Bawan, ai Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo da shi ya yi mulki har yau ana faɗin shi, sunan bai rage shi da komi ba. Amma Abarshi ba cikin wannan layi yake ba. Babu yaudara a ciki, babu wulaƙanta yaro, ba a ɓoye cewa ana son shi, roƙo ne a fili. Abin tambaya kawai wa ake roƙo, kuma wannan yana ga zuciyar mai roƙon. Wata ƙila a zamanin da can akwai wadda ta faɗe shi tana nufin doguwa ko wani iska, amma tsohuwar da ta ɗaga babana sunan Allah ta kama, ni ma da na sa ma ɗana shi na kama, kuma Bahaushe in yana magana da babba ai da "a" yake yi, a yi haƙuri, a taimaka, a duba mu, ba ya cewa ka. Ladabi ne a cikin harshen.

Abin da na faɗa ma ƙanen nawa shi ne ya je ya duba ma'anar sunayen da muke ɗauka muna jin daɗi. A'isha mi take nufi in ba mai rai ba, wadda za ta rayu? Khalid mai wanzuwa. Yahaya, wanda Allah da kanshi ya sa ma ɗan Annabi Zakariyya cikin suratu Maryam bayan tsufa ya kama shi bai samu ɗa ba, malamai da dama sun danganta shi da rayuwa. Larabawa ma mutane ne da sunka binne ɗiya, sunka ji abin da kakata ta ji, sunka sa fatan rayuwa a cikin suna. Mu mun ɗauko nasu mun rungume, madalla, ni ma ɗiyata da ta rasu A'isha ce sunanta, amma don mi addu'a in ta fito da Larabci ta zama sunna in ta fito da Hausa ta zama abin kunya? Ya tabbata a hadisi cewa mafi soyuwar sunaye ga Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, ba mai jayayya da wannan. Ya kuma tabbata Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canja ma mutane suna, ya maida Asiya mai ma'anar saɓo Jamila, ya maida Barra Zainab don kar mutum ya riƙa yabon kanshi. Ku lura, ma'ana yake dubawa, ba harshe ba. Akwai sahabi Hanzala, sunan wata guna ce mai ɗaci ta cikin hamada, an bar mashi abinshi kuma shi ne wanda mala'iku sunka yi ma wanka bayan ya yi shahada a Uhudu. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ su kansu asalinsu ba Larabci ba ne. Sannan abin da ya fi taɓa ni, shi kanshi Manzon Allah ya binne ɗiyanshi maza suna ƙanana, Alƙasim da Abdullahi da Ibrahim, har maƙiya na yi mashi gorin ba shi da magaji Allah ya mayar masu da martani cikin suratul Kausar, kuma ranar da Ibrahim ke barin duniya a hannunshi idonshi ya zubar da hawaye. Wanda ya san wannan ban ga yadda za ya raina uwar da ta ce a bar mata ɗaya ba.

Sai maganar hali, wadda ita ce mata sunka fi riƙewa. Surukata da wata goggon matata sunka ce ai duk mai wannan suna taurin kai gare shi, sangartacce ne, ba ya jin magana, kuma suna yana bin mai shi. A fada kuma wani abokina ya ce a'a su Abarshi taurin rai gare su, ko mota ta faɗi da su sai sun fito suna kakkaɓe riga. Kowa dai da abin da ya ji daga bakin tsofaffi. Ban ce suna ba ya da tasiri ba sam, akwai labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib da ake kira Haznu, wato ƙasa mai tauri, Annabi ya ce mashi kai Sahlu ne ya ce shi ba ya canja sunan da ubanshi ya sa mashi, Sa'idu ya ce tun daga nan tauri bai bar gidansu ba, wannan yana cikin Bukhari. To amma a nan ma'anar sunan ce mai tauri. A bar shi fa, ina taurin yake?

Ni na girma a hannun Abarshi, bari in faɗa maku inda halin ke fitowa. Babana da bakinshi ya ce mani har ya kai shekara goma ba wanda ya taɓa ɗaga mashi hannu a gidansu. In ya yi ɓarna anka ɗauko tsumagiya sai kakata ta fito ta tsaya a tsakani, kuma kalmar da za ta faɗa ita ce sunanshi, a bar shi, kun ga kira ɗaya ya zama suna ya zama umurni. Ba a aiken shi rijiya, ba a barin shi ya bi sa'o'inshi kiwo nesa, in ya yi atishawa gida ya tashi, nono da fura mai kyau nashi ne. Yaron da anka rena haka dole ya tashi yana jin maganarshi ita ce magana, ko sunanshi Abdullahi ne. Tsoron uwa ne ya yi renon, ba haruffan suna ba. Kuma wannan taurin kan da ake faɗi, shi ne ya sa yana ɗan shekara goma sha bakwai ya bi 'yan bida zuwa Abijan duk da kukan da kaka ta yi, kamar yadda samarin Adar sunka saba, ya yi dako ya yi tallan kaya a ka, ya dawo ya kafa teburinshi a kasuwar Tawa. Shi ne kuma ya sa lokacin yunwar 1984, wadda mutane ke kira El Buhari, da maƙwabta ke kwashe iyali suna barin gari ya ce shi ba inda za shi ya bar uwarshi, ya saida rediyonshi da kekenshi da awaki ya ciyar da gida biyu. Amma akwai wani gefen da masu lissafin hali ba su faɗi, mutum ne da ba ya iya jin kukan jinjiri ya zauna. Ko cikin dare ne in ɗan maƙwabta ya cika kuka sai ya saka takalmi ya je ya buga ƙofa ya tambaya ko jikinshi da zafi. Ya tashi yana sane da cewa shi na biyar ne kuma shi kaɗai anka bari, wannan nauyi ne da ya ɗauka duk rayuwarshi. In wannan ne halin Abarshi to ina roƙon Allah ya ba ɗana rabinshi.

Maganar da ta fi yi mani zafi ita ce ta surukata, kuma ban ga laifinta ba don ita ma jikokinta ne. Ta aiko aka ce mani wai ina ja masu mugun fata, wai kullum anka kira yaron za a tuna da mutuwa. Mu ma mun rasa biyu. Na farko bai zo da rai ba bayan doguwar naƙuda, ta biyu A'isha watanta goma sha huɗu, cikin watan Satumba, zazzaɓi ya kama ta da la'asar munka ce bari mu ga safe, kafin safe ta fara suma, munka kai ta likita an ce jini ya ƙare, ba ta kai azahar ba. Wannan bari mu ga safe ɗin har yau shi ke tada ni cikin dare. To ku gaya mani, akwai sunan da za a sa ma wannan yaro da zai hana ni da uwarshi tunawa? Ko Sultan munka kira shi muna tunawa. Bambancin kawai shi ne da wannan suna duk wanda ya kira shi ya yi mashi addu'a, ko ya sani ko bai sani ba.

Kuma a nan ne nake son in rabu da tsofaffinmu, duk da ina kare sunan da sunka bar mana. Wabi ba iska ba ne, ba yaro ɗaya ba ne ke zuwa yana komawa. Ku sake duba yatsun kakata, cibiyar da anka yanke da abin da ba shi da tsabta, agana, masassara, ƙyanda. Agana an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, an bayyana hakan a 1980. Ƙyanda tana da allura. Masassara tana da gidan sauro da maganin riga-kafin da ake bi gida-gida ana ba yara da damina. Akwai kuma sikila, amosanin jini, wadda na tabbata ita ce ke bayan wabin gidaje da yawa ba a sani ba, in uwa da uba duk suna ɗauke da AS kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da SS, kuma mu masu auren zumunci abin ya fi kusa da mu, awon jini ɗaya kafin a kai goro ya isa ya nuna, a Yamai har cibiya ta musamman akwai ta wannan ciwo. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 1992 ta nuna cikin yara 1000 da ake haihuwa a Nijar 318 ba su kai shekara biyar, kusan ɗaya cikin ukku ke nan, ku yi tunanin abin da ya kasance zamanin kakata da ba likita ba allura. A 2006 ya sauko 198, a 2012 ya koma 127. A 2006 ɗin ne kuma, zamanin Tandja, anka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, ko da yake duk uban da ya taɓa kai ɗa ya san sau nawa ake miƙo mashi takarda a ce ya je ya sayo a waje. Wani zai ce to ai shi ya sa sunan ya ɓace, an daina wabi, abin murna ne. Da haka ne da na fi kowa murna. Amma 127 cikin 1000 ba a daina ba ne, ku je maƙabarta cikin watan Agusta da Satumba ku ƙirga ƙananan kaburbura sababbi. Ana nan ana binnewa, abin da ya canja shi ne yanzu uwar da ta rasa biyu ko ukku ba ta da wata kalma da za ta nuna ma duniya, sai ta sa ma na huɗun sunan da ta ji a fim ta yi shiru da abinta.

Ba na faɗa da sababbin sunaye, kowa da ɗanshi. Amma ina ganin abin da ke faruwa a gidajen suna nan Yamai, a kafa rumfa a jera kujeru tun da asuba, a raba goro da dabino, liman ya faɗi suna sai ka ga mutane na duban juna ana tambaya wai mi ya ce, kaka ta wajen uba ta kwana bakwai tana koyon faɗin sunan jikanta ta kasa ta laƙaba mashi wani abu daban. Ka tambayi uban ma'anar ya ce bari in duba waya. An ɗauko daga fina-finan Turkiyya da na Indiya da ake fassarawa, ko daga ɗan ƙwallo, muddin dai ya yi daɗin faɗi. A lokaci guda Tanko da ke gaya maka namiji ne bayan mata, Nomau da anka haifa ana tsakar noma, Shekarau da ya daɗe a ciki, Cindo mai yatsa shida, Arzika, Anaruwa, duk sun zama sunan ƙauye. Yarbawan da muke zaune da su a kasuwa suna da irin namu sak, Malomo kar ka sake tafiya, Kokumo wannan ba ya mutuwa kuma, Durojaiye tsaya ka ci duniya, kuma za ka ga babban mutum da digiri yana ɗauke da shi a katinshi bai ɓoye ba. Mu ne ke jin nauyi.

Na san daga inda jin nauyin ke farawa don ni ma na sha shi, lekol ne. Mushe, wato malaminmu, yana kiran suna da safe ya iso kaina ya faɗi sunana da na babana, sai a ji daga bayan aji an ce a bar shi ya tafi, aji ya kwashe da dariya, in ana wasan ƙwallo na faɗi a ce a bar shi nan. Shekaru na yi ina rubuta harafin A da ɗigo kawai a bangon kayena. Matata ta kawo wannan, ta ce kai ka sha kuma kana son ɗanka ya sha. Na ce mata ni na sha ne don ba wanda ya gaya mani labarin sai da na kai goma sha biyar, da na ji shi ko sau ɗaya ban sake sunkuyar da kai ba. Shi tun yana ƙarami za ya san yana da yaya da bai zo da rai ba da yaya A'isha, ya san kakar kakanshi ta ɗaga wani jinjiri sama ta yi roƙo an amsa mata. Yara kuwa ba sunan da ba su iya tsokana da shi.

Abin da nake kira gare shi ba babba ba ne. Ban ce a bar sunan yanka ba, ɗana liman ya raɗa mashi Abdurrahman kuma da shi anka yanka rago. Cewa na yi sunan gida shi ma a rubuta shi a takardar haihuwa kusa da na yankan, kar a bar shi a baki kawai, don zamanin da baki ke riƙe suna ya wuce, yanzu abin da ba ya cikin takarda da kwamfuta kamar ba a yi shi ba ne. Da na je yin takardar ma'aikacin ya duba abin da na rubuta ya ce malam ka yi kuskure ka sa sunan kakan a wurin na yaron, na ce ba kuskure ba ne, ya sake dubana ya ce ai ba a sa wannan yanzu, na ce to yau an sa. Ya rubuta.

Akwai dai wani cikas da ban yi tunaninshi ba sai da abin ya zo, matata ba ta iya faɗin sunan don sunan surukinta ne, ni ma a gaban mutane bakina ba ya ɗaukar in ƙwala shi, sai munka koma ce mashi Baba ƙarami, ƙannenta na cewa Maisuna. Wato sunan da na yi ta faɗa a kanshi a cikin gidana ma ɓoye yake saboda kunya irin tamu. Wanda ke faɗin shi da baki cike sai mai sunan, da ya zo daga Tawa ya ga takwaranshi ya karɓe shi ya daɗe yana kallo bai ce komi ba, can ya kira shi sau ukku a hankali kamar mai gwada ko sunan na nan yadda ya bar shi.

Sai kuma ranar allurarshi ta wata ukku da rabi. Na raka su, ina tsaye bakin ƙofa mata cike da benci kowa da karne a hannu, ma'aikaciyar ta leƙo ta ɗaga murya ta ce Abdurrahman Abarshi. Matata ta miƙe tana gyara goyo. Wata tsohuwa da ta kawo jikanta, da jin Hausarta mutuniyar wajen Dogon Dutsi ce, ta kama mata gefen hijabi ta ce "ɗiyata, nawa kinka rasa?" Matata ta ce biyu, inna. Tsohuwar ta ce "ni ukku." Ta miƙa hannu ta kama ƙafar yaron da ta leƙo daga cikin zane ta riƙe ta ɗan lokaci ta ce "Allah shi bar maki shi." Matan da ke kan bencin sunka ce amin, ma'aikaciyar ta sake kira, matata ta shiga da shi.